Agaji da Gudummawa: Tarihin Taimakon Ƙasashen Duniya a Lokacin Yaƙi da Bala'i

Hausa tana da kalmomin taimako da dama, kuma ba ma'anarsu ɗaya ba. Akwai jinƙai, watau abin da zuciya ke ji kafin hannu ya miƙa. Akwai agaji, wanda a ke kai wa mai kururuwa, kamar wanda gobara ta tashi a gidansa ko ya faɗa rijiya. Sa'an nan akwai gudummawa. Yanzu a kan ce gudummawar biki ko ta ginin masallaci, amma a zamanin yaƙe-yaƙe abin da a ke nufi da ita shi ne mayaƙan da wani sarki ya tura don su ƙara wa abokinsa ƙarfi a fagen fama. Mai gudummawa yana da ɓangare. Mai agaji kuwa ba a san shi da tambayar ko wane ne ya faɗa rijiyar ba. Wannan bambanci shi ne mabuɗin tarihin ƙungiyoyin agaji na duniya, domin tun ran da aka kafa su abin da su ke fama da shi ke nan: su shawo kan mai riƙe da hanya ya yarda cewa buhun hatsin da za a wuce da shi zuwa ƙasar abokan gabansa agaji ne, kada ya ɗauke shi gudummawa.

Asalin al'amarin

Hana zalunci cikin yaƙi ba Turawa suka ƙago shi ba. Sananne ne cewa Halifa Abubakar ya yi wa rundunar da ya tura Sham wasiyya kada su kashe mata da yara da tsofaffi, kada kuma su sare itatuwa masu 'ya'ya. Malaman fiƙihu irin su Muhammadu ɗan Hasan Shaibani sun yi dogon bayani game da fursunonin yaƙi da amanar da a ke ba baƙo ya ratsa ƙasa lafiya. Abin da ƙarni na 19 ya zo da shi sabo shi ne ƙungiya tsayayya mai shiri tun ana zaman lafiya, da yarjejeniya rubutacciya wadda gwamnatoci suka sa wa hannu, da alama guda wadda kowane soja zai gane ta daga nesa.

Ran 24 ga Yuni, 1859, rundunar Faransa da ta Sardiniya suka gwabza da ta Ostiriya kusa da wani ƙauye na arewacin Italiya mai suna Solferino. Cikin yini guda aka bar mutum wajen 40,000 a ƙasa, matattu da masu rauni. Wani ɗan kasuwa na birnin Janeba a ƙasar Suwizalan, Henry Dunant, ya iso wurin da maraicen ran nan. Ba aikin jinƙai ya kawo shi ba: yana da kamfanin niƙa a Aljeriya, yana neman ganin Sarkin Faransa Napoleon na III ne don a ba shi izinin ƙasa da ruwa. Abin da ya tarar a garin Castiglione ya mantar da shi wannan bukata. Dubban masu rauni na zube cikin majami'u da kan tituna, likitoci ba su isa ba, ruwan sha ma ya yi wuya. Ya tattara matan garin suka yi kwanaki suna wanke raunuka, ba su bambanta Bafaranshe da ɗan Ostiriya ba, har ya roƙa aka saki likitocin Ostiriya da aka kama don su sa hannu.

Cikin 1862 ya buga littafi game da abin da ya gani, ya kawo shawara biyu: kowace ƙasa ta kafa ƙungiyar masu sa kai don kula da masu rauni, gwamnatoci kuma su ƙulla alkawarin kare su. A 1863 mutum 5 na Janeba suka kafa kwamitin da ya zama Kwamitin Red Cross na Duniya, cikinsu har da lauya Gustave Moynier da tsohon janar Guillaume-Henri Dufour. Ran 22 ga Agusta, 1864, ƙasashe 12 suka sa hannu bisa Yarjejeniyar Janeba ta farko. Sassanta 10 ne kacal. Ta ce asibitin soja da ma'aikatansa 'yan ba-ruwanmu ne, kuma sojan da ya ji rauni za a ɗauke shi a yi masa magani ko na wace ƙasa ne.

Gwamnatoci sun yarda da sauƙi domin abin bai rage musu kome ba. Sojan da ya faɗi ya riga ya fita daga yaƙi. Amma tun a lokacin an sami mai tsawatarwa. Florence Nightingale, wadda ta yi suna wajen jinyar sojojin Ingila a yaƙin Kirimiya, ta ƙi goyon bayan shirin da fari, tana ganin in masu sa kai suka ɗauke wa gwamnati nauyin sojojinta, to sun sauƙaƙa mata yin yaƙi ke nan. Har yau ba a sami amsar da ta kashe wannan magana ba. Shi kuwa Dunant, kasuwancinsa ya karye a 1867, aka fitar da shi daga kwamitin, ya yi shekaru cikin talauci kafin a tuna da shi a ba shi kyautar Nobel ta zaman lafiya ta farko a 1901.

Ita ma alamar ba ta kuɓuta daga zargin ɓangaranci ba. An zaɓi jan gicciye bisa farin ƙyalle, amma lokacin yaƙinsu da Rasha na 1876 zuwa 1878 Turkawa suka ce sojojinsu Musulmi ba za su aminta da shi ba, suka ɗauki jan jinjirin wata. Ba a shigar da jinjirin watan cikin yarjejeniya ba sai 1929, a 2005 kuma aka ƙara alama ta uku mai siffar lu'ulu'u, wadda ba ta jingina ga kowane addini ba.

Daga soja zuwa talaka

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya nuna cewa yaƙin zamani ba a fagen fama kaɗai ya ke kisa ba. Ingila ta toshe hanyoyin teku don ta matsa wa Jamus, sai mutanen Beljiyam, waɗanda Jamus ta mamaye, suka tasar wa mutuwa da yunwa. Wata hukuma ƙarƙashin Herbert Hoover, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka, ta riƙa ciyar da mutum wajen miliyan 9 a Beljiyam da arewacin Faransa, bayan ta sami alkawari daga Jamus cewa ba za ta taɓa abincin ba. Manyan sojan Ingila ba su so ba, suna cewa wannan ɗauke wa Jamus nauyi ne. A 1919 aka kama Eglantyne Jebb a Landan aka ci ta tara saboda rarraba takardu masu hotunan yaran Ostiriya da yunwa ta ƙanjame. A shekarar nan ita da 'yar'uwarta suka kafa Save the Children. Oxfam ma haka ta faro a 1942, kwamiti ne na mutanen birnin Oxford masu neman a bar abinci ya ratsa takunkumi zuwa Girka. Duk waɗannan, laifin da aka ɗora musu ɗaya ne, watau ciyar da abokan gaba.

Kwamitin Janeba kuwa ya ɗauki wata hanya ta samun amincewa, ita ce riƙe baki. Wakilansa su kan shiga kurkuku da sansanin fursunoni, su ga abin da suka gani, su gaya wa gwamnatin da abin ya shafa a asirce, ba su shelanta wa duniya. Wannan ya buɗe musu ƙofofi masu yawa, amma ya jawo musu abin kunyar da ya fi kowane girma cikin tarihinsu. Cikin watan Oktoba na 1942, sa'ad da labarin kwashe Yahudawa zuwa sansanonin kisa ya riga ya iso musu, suka zauna suka yanke shawarar kada su fitar da sanarwa a fili, don tsoron kada Jamus ta hana su ziyartar fursunonin yaƙi. Bayan shekaru da yawa kwamitin da kansa ya amsa cewa ya gaza.

Bayan wannan yaƙi aka sake rubuta dokokin. Ran 12 ga Agusta, 1949, aka ƙulla yarjejeniyoyi 4: ta masu rauni a tudu, da ta masu rauni a teku, da ta fursunoni, da ta farar hula. Ƙasashe 196 ne suka shiga cikinsu. Sashe na 3, wanda ke cikin dukkan huɗun, shi ne ya fara taɓa yaƙin basasa, kuma kalmominsa abin lura ne ƙwarai: ƙungiya mai adalci tana iya miƙa tayin taimakonta ga masu yaƙin. Tayi ne kawai, mai ƙasa yana iya ƙi. A cikin waɗannan shekaru ne kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta kafa nata hukumomin: asusun yara na UNICEF a 1946, da hukumar 'yan gudun hijirar Falasɗinu a 1949, da babbar hukumar 'yan gudun hijira a 1950, da Shirin Abinci na Duniya a 1961.

Uli

Inda tsarin Janeba ya gamu da jarrabawar da ta sāke kamanninsa shi ne yaƙin basasar Nijeriya. An shelanta ɓallewar Biyafara ran 30 ga Mayu, 1967, yaƙi ya ɓarke a watan Yuli. Da Fatakwal ta faɗa hannun sojan Tarayya a watan Mayu na 1968, sai Biyafara ta rasa hanyar teku, ta zama tsibiri a kan tudu, cike da miliyoyin mutane, da yawansu waɗanda suka gudo daga Arewa bayan kashe-kashen 1966. Yankin ya saba da rogo da doya, abinci mai gina jiki kuwa daga waje ya ke zuwa, musamman busasshen kifin Norwe da shanun Arewa. Da aka yanke waɗannan, sai tamowa ta kama yara: ciki ya kumbura, gashi ya yi ja. Tsakiyar 1968 hotunansu suka cika jaridu da talabijin na Turai da Amurka. Ba a taɓa nuna wa jama'a yunwar Afirka cikin ɗakunansu haka ba.

Kowane ɓangare ya ce ya yarda a kai abinci, amma bisa nasa sharaɗi. Gwamnatin Janar Gowon ta ce a bi ta ƙasa, ko a yi jigila da rana bayan an duba kayan. Ojukwu ya ƙi, yana cewa za a sa wa abincin guba, sojan Tarayya kuma za su biyo hanyar da aka buɗe. An zauna a Kampala a watan Mayu, a Yamai a watan Yuli inda Shugaba Diori Hamani ya karɓi baƙuncin taron, sa'an nan a Addis Ababa a watan Agusta, ba a daidaita ba. Ainihin abin da ke ƙasa kuwa kowa ya san shi. Biyafara tana da filin jirgi a Uli, wanda asalinsa titin mota ne aka faɗaɗa, kuma da dare jiragen makamai ke sauka can, wasunsu ɗauke da kayan Faransa ta hanyar Gabon. Muddin jiragen abinci na sauka da dare tare da su, mai harbi ba ya iya bambanta su. Wasu manyan jami'an Tarayya kuma sun faɗa a fili cewa yunwa makami ce halal a yaƙi, kuma dokar wancan zamani ba ta ƙaryata su sarai ba, domin ba a haramta horar da farar hula da yunwa a rubuce ba sai cikin ƙarin yarjejeniyoyin 1977.

Ƙungiyoyin majami'u na Katolika da na Furotesta ba su tsaya jiran izini ba. Suka haɗu ƙarƙashin sunan Joint Church Aid, suka riƙa tashi daga tsibirin Sao Tome na Fotugal, har suka yi sawu sama da 5,000 da kaya fiye da tan 60,000 kafin yaƙin ya ƙare. Kwamitin Red Cross, wanda ke aiki a ɓangarorin biyu, ya ga gaba kura baya siyaki: in ya jira yardar Ikko yara na mutuwa, in ya tashi ba yarda ya karya ƙa'idarsa. Ya zaɓi tashi, daga tsibirin Fernando Po da fari, daga baya daga Kwatano. A watan Mayu na 1969 wani matuƙi ɗan Suwidin, Carl Gustaf von Rosen, wanda a bara ya tuƙa jirgin abinci zuwa Biyafara, ya komo da ƙananan jirage masu rokoki ya kai hari filayen jiragen Tarayya. Da wuya a sami abin da ya fi wannan ɓata sunan agaji a idon Ikko. Ran 5 ga Yuni jirgin yaƙin Nijeriya ya harbo jirgin Red Cross, duk waɗanda ke ciki suka mutu. Cikin watan nan aka kori wakilin kwamitin, August Lindt, gwamnati kuma ta karɓe shugabancin aikin agaji daga hannunsu.

Yaƙi ya ƙare a watan Janairu na 1970. Masu ƙididdiga sun saɓa game da yawan waɗanda yunwa da cuta suka kashe, daga rabin miliyan har zuwa miliyan 2. Kisan ƙare-dangin da aka yi ta tsoro bai auku ba. Gwamnati ta hana ƙungiyoyin da suka yi jigilar Uli sa hannu cikin aikin bayan yaƙi, ta danƙa shi ga Red Cross ta Nijeriya. Babu shakka jiragen nan sun ceci rayuka masu ɗimbin yawa. Babu shakka kuma sun ba Biyafara abin da ta fi bukata bayan makamai, watau kuɗin waje, domin tun da aka canja kuɗin Nijeriya a watan Janairu na 1968 takardun da ke hannunta sun zama banza, ƙungiyoyin agaji kuwa suna biyan kuɗin sauka, suna sayen kaya a cikin gida. Malaman tarihi da dama suna ganin wannan ya tsawaita yaƙin da watanni masu yawa. Ko rayukan da aka ceta sun fi waɗanda tsawaitawar ta ci, lissafi ne da babu mai iya rufe shi.

Daga wannan yaƙi aka sami sababbin ƙungiyoyi. A ƙasar Ayalan aka kafa Concern a 1968. A Faransa wasu likitoci da suka yi aiki a Biyafara ƙarƙashin Red Cross, cikinsu har da Bernard Kouchner, suka haɗu da 'yan jarida a watan Disamba na 1971 suka kafa Médecins Sans Frontières, wadda wasu gidajen rediyon Hausa ke kira Likitoci Na-gari-na-kowa. Aƙidarsu ita ce likita ya yi magani, ya kuma faɗi abin da idonsa ya gani. Sai dai ya kamata a tuna cewa abin da suka faɗa game da Biyafara ya zo daidai da abin da gwamnatin Faransa ke so a ji, da kuma abin da kamfanin farfaganda na Markpress, wanda Biyafara ta ɗauka haya a Janeba, ke yaɗawa. Mai magana ma ana iya amfani da shi, kamar yadda a ke amfani da mai shiru.

Abin da ya biyo baya ya tabbatar da haka ta fuskoki daban-daban. Farin da ya addabi yankin Sahel daga 1968 zuwa 1974 ya nuna cewa hatsin agaji abin siyasa ne ko babu yaƙi. Zargin karkatar da shi na cikin dalilan da Seyni Kountché ya bayar sa'ad da ya kifar da Diori a watan Afrilu na 1974. A Habasha, cikin yunwar 1984 da 1985, gwamnatin Mengistu ta yi amfani da wuraren rabon abinci wajen tara mutanen arewa tana kwashe su da ƙarfi zuwa kudu. Reshen Faransa na likitocin nan ya fallasa abin, aka kore shi a watan Disamba na 1985, sauran ƙungiyoyi suka yi shiru suka zauna. A watan Yuli na 1994 mutum wajen 850,000 suka ƙetaro daga Ruwanda zuwa Goma cikin kwanaki kaɗan, amai da gudawa da atuni suka kashe wajen 50,000 cikin wata guda. Da aka shawo kan annobar, sai aka ga waɗanda ke mulkin sansanonin, suna riƙe da jerin sunayen rabo, su ne mutanen da suka shirya kisan Tutsi.

Yadda aikin ke tafiya

Tsarin da ya haɗa hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya wuri ɗaya ya samo asali daga ƙuduri mai lamba 46/182 na ran 19 ga Disamba, 1991, bayan ruɗanin da aka gani wajen taimakon Kurdawan Iraƙi. Ya kafa muƙamin babban jami'in agajin gaggawa, da kwamitin da ke haɗa hukumomin Majalisar da Red Cross da ƙungiyoyi masu zaman kansu, da asusun ko-ta-kwana na dala miliyan 50. Ofishin da ya ɗauki nauyin wannan aiki ya sami sunan OCHA a 1998. Ƙudurin ya faɗa ba kewaye-kewaye cewa za a kai agaji ne da yardar ƙasar da abin ya shafa. A 2005 aka rarraba aikin kashi 9, kowane da jagoransa: lafiya a hannun Hukumar Lafiya ta Duniya, ruwa da tsabta a hannun UNICEF, sufuri a hannun Shirin Abinci, da sauransu, don kada ƙungiyoyi 10 su haƙa rijiya a ƙauye ɗaya, na kusa da shi ya rasa.

Abin kunyar Goma ya sa aka fara auna aikin da ma'auni. Shirin Sphere na 1997 ya tsayar da mafi ƙarancin abin da ya wajaba: lita 15 ta ruwa ga kowane mutum a yini, masai ɗaya ga mutum 20, abinci mai kalori 2,100. Kalmar yunwa ma an yi mata iyaka. Bisa ma'aunin da aka ƙago a Somaliya a 2004, ba a shelanta babbar yunwa sai gida 20 cikin 100 sun rasa abinci ƙwarai, yara 30 cikin 100 sun rame da tamowa, kuma mutum 2 cikin 10,000 na mutuwa kullum. Amfanin ma'aunin shi ne ya hana ƙarya da kururuwar banza. Aibinsa kuwa, kafin sharuɗɗan su cika an riga an yi hasara. A yunwar Somaliya ta 2011 mutum wajen 260,000 suka mutu, rabinsu yara 'yan ƙasa da shekara 5, kuma kusan rabin mamatan sun riga mu gidan gaskiya kafin sanarwar ran 20 ga Yuli. Ihu bayan hari ke nan.

Kuɗin duka na sa kai ne, ba haraji ba, kuma mafi yawansa daga gwamnatoci 'yan ƙalilan ya ke fitowa, su ne kuma ke faɗin inda za a kashe shi. Don haka ya kan bi talabijin da bukatun siyasa fiye da yadda ya ke bin yawan mabukata. Bayan igiyar ruwan da ta afka wa gaɓar tekun Indiya a watan Disamba na 2004, kuɗi ya kwararo har Likitoci Na-gari-na-kowa suka roƙi jama'a su daina aiko musu don wannan bala'i. Bayan wata biyar Majalisar ta nemi dala miliyan 16 don Nijar, aka yi kamar ba a ji ba, sai da hotunan yaran Maraɗi suka fito a watan Yuli.

Al'amarin Maraɗi na 2005 ya cancanci a tsaya kansa. Tun 1981 masanin tattalin arziki Amartya Sen ya nuna cewa yunwa ba lalle rashin abinci a ƙasa ba ce, sau da yawa rashin ikon sayensa ne. Haka aka gani a Nijar: bayan ƙarancin ruwa da farin ɗango na 2004, akwai gero a kasuwa, amma farashinsa ya yi tashin gwauron zabo, kuma yaran da suka fi shan wuya na yankin da a ke kira rumbun ƙasar ne. Gwamnati da masu ba ta tallafi suka nace bisa sayar da hatsi da rangwame don kada a ɓata kasuwa, ba a fara rabon kyauta sosai ba sai watan Agusta, Shugaba Tandja Mamadou kuma ya musanta cewa akwai babbar yunwa. A nan ne aka fara amfani da wani sabon magani ga yara masu ɗimbin yawa, watau Plumpy'nut, wanda aka ƙago a Faransa a 1996: gyaɗa niƙaƙƙiya da madarar gari da sukari da mai da sinadarai, cikin 'yar leda mai kalori 500. Ba ya bukatar ruwa ko dahuwa, saboda haka uwa na iya ba ɗanta a gida, ta komo asibiti mako-mako, maimakon ta bar gona da sauran 'ya'ya ta kwanta jinya. Da shi likitocin nan suka yi wa yara sama da 60,000 magani a shekarar. A 2008 gwamnati ta dakatar da reshensu na Faransa a Maraɗi, ya tattara ya bar wurin.

Akwai abin da lissafin hukumomi ba ya nunawa. Masu fara kai agaji kullum maƙwabta ne. Sa'ad da rikicin Boko Haram ya kori mutane zuwa Maiduguri a 2014 da 2015, mafi yawansu a gidajen 'yan'uwa da na masu tausayi suka sauka, 'yan kaɗan ne a sansani. Ma'aikatan ƙungiyoyin ma galibinsu 'yan ƙasa ne, su ne kuma suka fi mutuwa. A taron Istanbul na 2016 masu ba da kuɗi suka yi alkawarin miƙa kashi 25 cikin 100 ga ƙungiyoyin gida kafin 2020, lokacin ya zo ya wuce ba a ko kusanci wannan adadi ba. Cikin 2025 kuma gwamnatin Amurka, wadda ta ba da wajen kashi 40 cikin 100 na kuɗin agajin da Majalisar ta lissafta a 2024, ta rushe hukumarta ta USAID, aka rufe wuraren jinyar tamowa da dama a ƙasashe daban-daban.

A Barno tsohuwar tuhumar ta fito daga ɓangarorin biyu. Ran 17 ga Janairu, 2017, jirgin sojan sama ya jefa bama-bamai bisa kuskure a kan 'yan gudun hijira a Rann, cikin mamatan har da ma'aikatan Red Cross ta Nijeriya 6. A watan Maris na 2018 'yan bindiga suka kai hari garin, suka sace ma'aikatan lafiya mata. Biyu daga cikinsu, masu aiki da Kwamitin Red Cross na Duniya, aka kashe su a watannin Satumba da Oktoba, masu kisan suna ɗaukarsu ma'aikatan abokan gaba. A watan Satumba na 2019 soja suka rufe ofisoshin ƙungiyoyin Action Against Hunger da Mercy Corps na 'yan makonni, bisa zargin kayan agaji na isa hannun 'yan ta'adda. Ba a yarje wa ƙungiyoyi su tattauna da masu ɗauke da makamai don neman hanya ba, saboda haka rabo ya tsaya a garuruwan da soja ke tsare da su. A shekarar nan ofishin OCHA ya ƙiyasta cewa sama da mutum 800,000 na zaune a wuraren da babu wata ƙungiyar agaji da ke iya kai musu.